Tarihin Tsoho Tom Morris, ɗan masaƙin da ya shahara da bin hanyar lafiya a filin golf na bakin teku

 A yau filinmu na tarihin mashahuran mutane zai tsallaka teku zuwa ƙasar Sikotlan da ke arewacin Birtaniya, domin kawo muku tarihin wani dattijo da ya bar duniya tun shekarar 1908, wato Tom Morris, wanda mutanen garinsu ke kira Tsoho Tom don bambanta shi da ɗansa mai suna irin nasa.

Wani zai ce, ina ruwan mai awon gero ko mai kasa tattasai da wasan golf, wasan da aka sani na masu hannu da shuni ne? To, shi dai wannan bawan Allah talaka ne ɗan talaka, mai sana'ar hannu kuma mai shago. Abin da ya ɗaukaka shi kuwa ilimi ne da kowane ɗan kasuwa ke bukata kullum, wato sanin inda asara take kwance, da zaɓen hanyar da za ta fitar da uwar kuɗi lafiya ko da ta fi nisa.

Yadda wasan yake da irin filinsa

Wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ana yin sa ne da ƴar ƙaramar ƙwallo da ba ta kai ƙwan kaza girma ba, da sanduna masu lanƙwasasshen kai, wasu na bugun nesa wasu na kusa. Fili yana da ramuka 18, faɗin bakin kowanne santimita 10.8, kuma daga inda ake fara bugu zuwa ramin akan yi tafiyar mita 100 da ɗoriya har zuwa fiye da mita 500. Duk bugun da mutum ya yi ana rubuta masa shi kamar kuɗin da ya fita daga aljihu, wanda ya kammala zagaye da bugu mafi ƙaranci shi ne ya ci. Ke nan wasa ne na tsimi, wanda ya fi kowa ƙarancin kashewa shi ke tafiya da kyauta.

Asalin wasan a bakin teku yake, kan wata irin jigawa da Turawa ke kira links. Ƙasa ce ta rairayi da iskar teku ta tara tsakanin ruwa da gonaki, nan tudu can kwari, babu itatuwa sai gajeriyar ciyawa da duhuwar ƙaya mai kama da sarƙaƙiya. Tun da ba ta nomuwa, sai aka bar wa jama'ar gari ita, makiyaya na kiwon tumaki, mata na shanya, maza na buga ƙwallo. A garin St Andrews da ke gaɓar gabashin Sikotlan akwai takardar shekarar 1552 da ta tabbatar wa mutanen gari haƙƙin yin wasa a filinsu, kuma a nan ne a 1764 aka rage ramuka daga 22 zuwa 18, adadin da duniya ta bi daga baya.

Abu uku ke wahalar da ɗan wasa a irin wannan wuri. Na farko iska, wadda babu abin da ke tare ta, kamar ta hunturu a kan tafkin Madarunfa da masunta ke dubawa kafin su tura jirgi. Takan juya a wuni guda, nisan da aka ci da bugu biyu da safe ya koma na bugu uku da la'asar. Na biyu taurin ƙasa, domin ƙwallo na faɗuwa sai ta yi tsalle ta gangara inda ba a aike ta ba. Na uku tarkunan rairayi, wato wasu gurabe masu zurfi da miƙaƙƙen bango, waɗanda wasunsu ba a ganin su sai an zo bakinsu. Tsohon filin St Andrews yana da irinsu 112, har da wanda aka laƙaba wa suna Jahannama, mai zurfin da ya fi tsayin mutum.

Haihuwarsa da koyon sana'a

An haifi Thomas Mitchell Morris ranar 16 ga watan Yuni 1821 a wannan gari na St Andrews. Mahaifinsa John masaƙi ne, a daidai zamanin da injina suka fara karya masu saƙar hannu a Birtaniya. Tun yana ɗan yaro shi da tsararrakinsa sukan soka ƙusa a toshiyar kwalba su riƙa bugun ta da sanda a titunan gari, don ba su da kuɗin sayen ƙwallo. Daga nan ya shiga dakon sandunan attajirai, aikin da ya sa ya haddace kowane tudu da kowane tarko na filin.

Yana matashi aka kai shi koyon sana'a wajen Allan Robertson, wanda aka haifa a 1815, mutumin da ake ganin babu kamarsa a wasan a wancan zamani, kuma babban mai haɗa ƙwallo. Ƙwallon lokacin aikin dukanci ce. Akan ɗinka jiƙaƙƙiyar fata, a dafa gashin dinya cikin doguwar hula guda, a riƙa cusa shi ta ƴar ƙofa da tsinken ƙarfe ana dannawa da ƙirji. Idan ta bushe fata ta tsuke, gashi ya kumbura, sai ta yi tauri kamar dutse. Gwanin ma'aikaci ba ya wuce uku ko huɗu a wuni, shi ya sa guda ɗaya takan kai sule biyu da sisi ko fiye, ga shi kuma ruwan sama na lalata ta. A shekarar 1844 kaɗai shagon Robertson ya fitar da guda 2,456. Tom ya yi shekara huɗu yana koyo, ya ƙara biyar yana aiki ana biyan sa, kuma shi da maigidansa sukan haɗa kai su kara da wasu biyu, har aka riƙa cewa ba a taɓa kayar da su tare ba. A 1844 ɗin ne ya auri Nancy Bayne.

Rikici a kan sabuwar haja

Wajajen shekarar 1848 sai ga sabuwar ƙwallo ta shigo kasuwa, wadda ake yi da danƙon wata itaciya ta ƙasashen Malesiya mai suna gutta-percha. A jiƙa danƙon a ruwan zafi, a mulmula, shi ke nan. Kuɗinta wajen sule guda, ba ta tsoron ruwa, ta fi ƙarko, in ta lotse a sake dafa ta. Duk wadda ta ga yadda bokitin roba ya shiga tsakanin mata da tulu, ko yadda kwanon silba ya ture akushi, ta san abin da ya sami Robertson. Ya ga abincin gidansa zai ƙare, sai ya shiga sayen sababbin ƙwallayen yana ƙonawa, ya kuma hana yaransa taɓa su.

Wata rana Tom yana cikin wasa ƙwallayensa suka ƙare, abokin wasansa ya ba shi ta danƙo ya ci gaba da ita. Labari ya kai kunnen maigida, aka yi cacar baki, suka raba gari. Tom ya fita da iyali a wuyansa, ya buɗe nasa wurin yana haɗa ƙwallo da sanduna, har da ta danƙon. Ya riga ya gane cewa hajar da ta fi araha kuma ta fi ƙarko ba a tsayar da ita da wuta, kuma arahar ce za ta jawo talakawa cikin wasan, kasuwa ta faɗaɗa. Haka kuwa aka yi. Ba a jima ba shi kansa Robertson ya koma yin ta, kuma da ita ce a 1858 ya zama na farko da ya zagaye filin St Andrews da bugu ƙasa da 80, inda ya yi 79. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Abin lura shi ne saɓanin bai kashe zumunci ba. A 1849 su biyun suka sake haɗuwa suka kara da wasu tagwaye, Willie da Jamie Dunn, a wasan da aka ɗora wa fam 400, a filaye uku. A fili na ƙarshe, North Berwick, an ba su ratar rami huɗu saura takwas a tashi, amma suka bi a sannu har suka cim ma tagwayen suka wuce su.

Zamansa a Prestwick da gasar Open

A 1851 wani hafsan soja mai suna James Ogilvie Fairlie ya ɗauke shi zuwa Prestwick da ke gaɓar yamma, domin ya shimfiɗa wa sabuwar ƙungiyarsu fili ya kuma kula da shi. Tom ya tsara musu ramuka 12 a cikin tuddan rairayi. Ana ba da labarin cewa a can ne wata rana baron rairayi ya kife masa a kan wani wuri da ciyawa ta mutu, bayan ɗan lokaci ya ga wurin ya farfaɗo ya fi ko'ina kyau. Tun daga nan ya riƙe barbaɗa rairayi a matsayin maganin fili, dabarar da masu kula da filayen golf ke bi har yau.

Da Robertson ya rasu a 1859, sai aka rasa wanda za a kira zakara. Don haka ƙungiyar Prestwick ta shirya gasa ranar 17 ga watan Oktoba 1860, mutum takwas suka zagaya filin sau uku a wuni guda. Wannan ita ce gasar Open, wadda ta girmi dukkan manyan gasannin golf na duniya. Tom ne ya yi bugun farko, amma Willie Park na Musselburgh ya ci da bugu 174, shi kuma ya zo na biyu da 176. Kamar yadda sarkin kokowar Nijar ke karɓar takobi, su ɗamara ake ba zakaransu, ta jar fata mai adon azurfa da aka saya fam 25. Fatar irin wadda Turawa ke kira fatar Maroko ce, sunan da suka daɗe suna kiran jemammiyar fatar akuya da shi, har da wadda fatake ke ɗauka daga Kano da Sakkwato su ƙetare sahara da ita zuwa arewacin Afirka.

Tom ya ci gasar sau huɗu, a 1861, 1862, 1864 da 1867. A 1862 ya ba na biyu ratar bugu 13, wadda har yau ba a karya ta ba a wannan gasa. A 1864 ladan da ya samu fam 6 ne. A 1867 kuwa yana da shekara 46, kuma har yanzu babu wanda ya ci gasar yana da shekarun da suka kai nasa.

Dabarun da ya yi nasara da su

Tom bai fi abokan karawarsa ƙarfin dantse ba. An san shi da bugu a natse, ba gaggawa, da riƙe ƙwallo a kan hanya, da rashin ɓacin rai. Yana ma da rauni sananne, wato idan ƙwallo ta zo dab da rami hannunsa kan yi rawa ya kuskure, har ana ba da labarin wata wasiƙa da aka aika Prestwick ba suna, sai dai aka rubuta cewa ta mai kuskuren bugun kusa ce, ma'aikacin gidan waya kuwa ya kai masa ita kai tsaye. Mutumin da ke zubar da riba a bakin rami, dole ya zama ba ya asara a hanya. Ga ka'idojin wasan bakin teku da ya gada, ya goge a kansu, ya kuma koyar.

Ta farko, lissafi daga ƙarshe ake fara shi. Kafin bugun farko, ɗan wasa kan duba inda rami yake a ranar, ta wace kusurwa ake shigarsa ba tare da tsallaka tarko ba, sannan ya san inda zai ajiye ƙwallonsa. Mai sarin albasa ma sai ya san kasuwar da zai kai da farashinta kafin ya yi ciniki a gona.

Ta biyu, ba a kokowa da iska. Idan tana busowa ta gaba, wanda ya zage ƙarfi ya buga sai ƙwallon ta ƙara juyi ta tashi sama, iska ta tare ta ta faɗo kusa. Gwani kan ɗauki sandar da ta fi nisa ya buga a hankali, ƙwallo ta tafi ƙasa-ƙasa. Idan iskar ta baya ce, sai ya sauke ta tun kafin wurin da yake nufi, ya bar ta ta ƙarasa da gudu. Idan ta gefe ce, ya auna can gefe ya bar iskar ta kawo masa ita, kamar mai tuƙa jirgi da ke nufar sama da mashigi don ya san ruwa zai ja shi.

Ta uku, ƙasa abokiyar tafiya ce. A fili mai tauri, ƙwallon da aka cilla sama ta faɗo dab da rami ba ta tsayawa. Gara a turo ta da gudu, a yi amfani da gangare da kafaɗar tudu su karkato da ita.

Ta huɗu ita ce mafi wuya ga zuciya. Wanda ya faɗa tarkon rairayi ya yarda ya yi asarar bugu guda, ya fito ta gefe ko ma ta baya inda bango ya fi gajarta. Mai son mayar da asararsa nan take shi ke dukan bango sau uku sau huɗu, garin neman gira ya rasa ido. Mai tumatir da rana ta yi wa, in ta karya farashi da azahar ta tsira da jarinta, in ta ƙi sai ta zubar da kwando da magariba.

Ta biyar, haƙuri da abin da ba ka da iko a kansa. A irin wannan fili kyakkyawan bugu kan ci karo da tudu ya faɗa ƙaya, mummuna kuma ya dace. Wanda ya ɗauki fushin ramin baya ya kai na gaba, asara biyu ya yi.

Komawa gida da gyaran fili

A ƙarshen 1864 babbar ƙungiyar golf ta St Andrews, wadda aka kafa a 1754, ta kira shi gida ya zama mai kula da fili a kan albashin fam 50 a shekara, aka danƙa masa baro da shebur. Ya tarar da filin ya ƙuntata, ƙaya ta ci gefe da gefe, masu tafiya da masu dawowa suna bin siririyar hanya guda. Ya sa aka sassare ƙaya aka faɗaɗa hanya, ya ƙara girman farfajiyoyin da ramuka ke ciki, ya gina sababbi a rami na 1 da na 18, ya ware wurin bugun farko daban, ya yi ta zuba rairayi.

Faɗaɗawar nan ta sauya wasan baki ɗaya. A da, tarko na tsakiyar hanya ne, ko ka tsallaka ko ka faɗa. Da fili ya buɗe sai zaɓi ya samu. A yawancin ramukan St Andrews, wanda ya bi hagu ya kauce wa haɗari, amma bugunsa na biyu zai yi wuya don tarkuna na gabansa. Wanda ya matsa dama kusa da ƙaya ko iyakar fili ya sayi haɗari, amma in ya tsira ƙofar rami a buɗe take. Kowa sai ya auna ƙarfinsa da iskar ranar, kamar yadda ɗan kasuwa ke auna jarinsa kafin ya ɗauki kaya bashi. Wannan tunani na dasa tarko ta yadda mai hankali zai sami hanyar kewaye shi, shi ne tushen tsara filayen golf na zamani, kuma Tom na cikin waɗanda suka fara shi.

Sunansa ya bazu, aka riƙa kiran sa gari-gari. Ladansa fam guda a wuni da kuɗin hanya. Yakan zo ya taka jigawa da ƙafa, ya duba inda ƙasa da kanta ta yi kwari ko dandali, ya kafa turaku, ya koma. Ta haka ya sa hannu a filaye kusan 75 a Sikotlan, Ingila, Wales da Ailan, cikinsu har da Carnoustie, Dornoch a 1886, Muirfield a 1891 da Lahinch a 1894. Donald Ross, wanda ya je Amurka ya tsara ɗaruruwan filaye, ya yi koyo a hannunsa. Duk da haka bai saki shagonsa na sanduna da ƙwallaye da ke kallon rami na 18 ba. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, dattijo a majami'ar garinsu, ba ya yarda a yi wasa ranar Lahadi, yana ganin ko mutane ba su gaji ba ƙasa na bukatar hutu. Har yau akan rufe tsohon filin ranar Lahadi in ba gasa ake yi ba, jama'a su shiga yawo.

Jarrabawar da ta same shi

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗansa Tom Ƙarami, wanda aka haifa a 1851, ya taso ya fi uban. Shi mai kutsawa ne, yana bin hanyar haɗari don yana da ƙarfi da saitin da za su fitar da shi, kuma ba ya kuskure a bakin rami. A 1868 yana da shekara 17 ya ci gasar Open, uban ya zo na biyu, kuma har yau shi ne mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa cin ta. Ya sake ci a 1869 da 1870, ɗamarar ta zama tasa ta har abada bisa ka'ida. A 1871 ba a yi gasa ba don babu kyautar bayarwa, da aka dawo a 1872 shi ya sake ci.

A watan Satumba 1875 uba da ɗa suna North Berwick suna karawa da Willie Park da ƙanensa Mungo, sai ga wayar tangaraho cewa matar Tom Ƙarami, Margaret, tana kan gwiwa kuma abin ya tsananta. Da aka tashi wasa wani ya ba su jirgin ruwa don su yanke hanya, amma kafin su isa gida ta cika, ita da jaririn. Saurayin bai ƙara komawa daidai ba. Ranar 25 ga watan Disamba na wannan shekara aka tarar da shi ya rasu a kan gadonsa sakamakon zubar jini a huhu, yana da shekara 24. A shekarar da ta biyo Nancy ma ta bi shi. Dama ɗansu na fari ya rasu yana ɗan shekara huɗu a 1850, sauran ukun kuma, Jack, Elizabeth da James, duk sun riga uban. Tsoho Tom ya binne matarsa da ƴaƴansa duka, amma kullum gari ya waye yana fili ko yana shago.

Tsufa da rasuwa

Ya ci gaba da shiga gasar Open har 1896, yana dab da cika shekara 75. An san shi da farin gemu har ƙirji, da lofe a baki, da wankan teku da sassafe ko a tsakiyar sanyi. Sarakuna da attajirai na zuwa gaishe shi, bai daina zama da ƴan dako ba. Ya ajiye aikin kula da fili a 1903 bayan kusan shekara 40. Ranar 24 ga watan Mayu 1908 ya faɗo daga matakala a gidan wata ƙungiyar golf ta garin, ya fasa kai, ya rasu saura mako uku ya cika shekara 87. An binne shi a maƙabartar tsohuwar majami'ar St Andrews kusa da ɗansa, kuma rami na 18 na filin sunansa yake ɗauke da shi.

Gadon da ya bari

Waɗanda suka zo bayansa sun yi ta gwada ka'idojin nan, wasu suka sha, wasu suka tsira. A 1921 Ba'amurke Bobby Jones, yana ɗan shekara 19, ya maƙale a tarkon rami na 11 a St Andrews har ya fusata ya janye daga gasa. Ya koma ya karanci filin, ya dawo a 1927 ya ci. A 1978 Tommy Nakajima na Japan ya yi bugu huɗu kafin ya fita daga tarkon rami na 17, ya tashi da 9 a ramin da ake sa ran 4. A 1995 Jack Nicklaus, duk da gwanintarsa, ya yi huɗu a cikin Jahannama ya tashi da 10. A 1999 a Carnoustie, Bafaranshe Jean van de Velde ya zo rami na ƙarshe da ratar bugu uku, ko 6 ya yi ya ci kofi. Maimakon ya bi a sannu sai ya ɗauki hanyar haɗari, ya shiga duhuwar ciyawa, ya faɗa rafi, ya faɗa rairayi, ya yi 7, daga ƙarshe kofin ya tafi hannun Paul Lawrie.

A ɗaya gefen kuma, a shekarar 2000 Tiger Woods ya yi kwana huɗu yana zagaya St Andrews, ramuka 72, bai faɗa ko ɗaya daga tarkuna 112 ba, ya ci da ratar bugu takwas. A 2006 a filin Hoylake na Ingila, sau ɗaya tak ya ɗauki sandarsa mafi nisa a duk gasar, ya gwammace ya tsaya bayan tarkuna, ya kuma ci. Gasar da ta ba Tom fam 6, a 2022 da aka yi ta karo na 150 a garinsu, zakaranta Cameron Smith dalar Amurka miliyan 2.5 ya karɓa. Wasan ya kai har Kano da Kaduna tun zamanin Turawan mulkin mallaka.

Jama'a, kuɗin sun ƙaru, sanduna sun canza, amma lissafin yana nan yadda ɗan masaƙin nan ya bar shi. Duk mai fita kasuwa yana da tasa iskar, farashi da canjin naira da sefa da halin hanya, ba shi ke juya su ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya san inda tarko yake, ya san ƙarfin jarinsa, in ya faɗa ya fito da ƙaramar asara kafin ta zama babba. Hausawa sun riga sun faɗa, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mana uwar kuɗi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba da tarihin wani.